Kadarar da Ba a Taɓa Saya Ba

Wata rana da yamma, a ƙarshen watan Mayun 2002, Gene Morse yana zaune gaban kwamfutarsa a hedkwatar kamfanin sadarwa na WorldCom da ke garin Clinton, a jihar Misisipi ta Amurka, sai idonsa ya tsaya a kan layi guda cikin littafin lissafin kamfanin. An rubuta dala miliyan 500 da sunan kayan kwamfuta. Morse ma'aikacin sashen binciken kuɗi na cikin gida ne, don haka ya yi abin da kowane odita zai yi, ya nemi takardun da suka rako wannan kuɗi. Bai ga takardar ciniki ba. Bai ga wani abin da ke nuna daga wurin wa aka saya ba, ko kuma me aka saya. Adadi ne kawai a zaune shi kaɗai.

Girman kuɗin ba shi ne abin mamaki ba. A lokacin WorldCom ne na biyu a duk Amurka wajen harkar wayar tarho ta nesa, bayan AT&T, kuma kaso mai tsoka na zirga-zirgar intanet ta layukansa yake bi. Kamfani irin wannan zai iya kashe rabin biliyan a kan na'urori. Sai dai kaya masu wannan tsada ba sa shigowa gida a ɓoye. Akwai wanda ya rubuta buƙata, akwai wanda ya sa hannu, akwai mai sayarwa da ya aiko da takardar neman biya, akwai ɗan sito da ya ƙirga ya karɓa, sannan a ba kowace na'ura lamba a rajistar kadarori, a rubuta inda aka girke ta. Kadara ta gaskiya tana barin sawu a wurare biyar ko shida. Wannan ba ta bar ko ɗaya ba.

Kafin a bi Morse cikin wannan rami, sai an riƙe wani bambanci guda, domin duk labarin a kansa ya rataya. A ce mutum ya sayi injin niƙa da zai yi masa aiki shekara goma. Ba daidai ba ne ya ɗora kuɗin injin gaba ɗaya a kan cinikin watan farko, ya ce ya tafka asara. Zai rubuta injin a matsayin kadara, ya riƙa cire kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa kowace shekara, gwargwadon yadda yake tsufa. Man da ya zuba wa injin kuwa, da kuɗin hayar shago, da ladan yaron da ke tsaron wurin, waɗannan sun tafi tare da watan da aka kashe su, dole a cire su gaba ɗaya daga cinikin wannan wata kafin a ce ga riba. To da mai injin zai ɗauki kuɗin mai na wata guda ya rubuta shi cikin kuɗin inji, abu biyu za su faru a takarda nan take. Ribarsa ta watan za ta kumbura, dukiyarsa ma za ta ƙaru, alhali a aljihunsa ko sisi bai ƙaru ba. Wannan ne ya sa masu binciken kuɗi ba sa wasa da shafin kadarorin dindindin, wato gine-gine, filaye, injuna, motoci da kayan ofis. Shafi ne da kuɗi ke iya shiga ya kwanta shekaru ba mai tayar da shi.

Morse bai faɗa kan wancan layi da ka ba. Abubuwa uku ne suka kai shi, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya isa hujja shi kaɗai.

Na farko ya faru a watan Maris. John Stupka, shugaban sashen wayar salula na kamfanin, ya kai ƙorafi wurin Cynthia Cooper, wadda ke jagorantar sashen binciken cikin gida. Ya ware kusan dala miliyan 400 a matsayin ajiyar ko-ta-kwana saboda abokan hulɗar da ba za su biya bashi ba, sai ga ofishin babban jami'in kuɗi, Scott Sullivan, yana neman kwashe ajiyar don a ƙara wa ribar kamfani auki. Cooper ta tuntuɓi Arthur Andersen, kamfanin oditocin waje da ke sa hannu a kan lissafin WorldCom, aka nuna mata babu matsala. Ba ta gamsu ba, ta kai maganar gaban kwamitin bincike na hukumar daraktoci. Sullivan ya janye, amma cikin fushi ya gargaɗe ta da ta fita harkar. Cooper 'yar garin Clinton ce, a nan ta tashi, kuma WorldCom shi ne abin alfaharin jiharta. Aikin da aka ɗora wa sashenta ma ba binciken bayanan kuɗi ba ne, duba yadda ake gudanar da ayyuka ne da toshe ɓarna. Amma ruwa ba ya tsami banza. A daidai lokacin sunan Andersen ya riga ya ɓaci a badaƙalar kamfanin Enron, hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka kuma ta aiko wa WorldCom da takardar neman bayanai a cikin watan na Maris. Cooper ta yanke shawarar ta daina dogaro da aikin Andersen, ta sa mutanenta su fara duba lissafin da kansu.

Na biyu labarin jarida ne. A watan Mayu wata jarida mai fitowa mako-mako a birnin Fort Worth na jihar Teksas ta buga labarin Kim Emigh, tsohon ma'aikacin kamfanin da aka sallama bayan ya nuna rashin amincewa da yadda ake rubuta wasu kuɗaɗen ayyuka. Mark Abide, wanda ke kula da lissafin kadarori a ofishin kamfanin na Teksas, ya tura labarin ga sashen Cooper. Glyn Smith, ɗaya daga cikin manyan mataimakanta, ya karanta, ya ba da shawarar a gaggauta binciken kuɗaɗen da kamfanin ke cewa yana zubawa a manyan ayyuka.

Na uku shi ne ya fi ƙanƙanta, shi ne kuma ya zama mabuɗi. Da suka fara aikin, sai suka ga alƙaluma biyu sun ƙi haɗuwa. Abin da sassan da ke shimfiɗa layuka da sayen na'urori suka ce sun kashe daban, abin da kamfani ya faɗa wa duniya ya kashe a kan kadarori daban, kuma na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba. Suka tambayi Sanjeev Sethi, wani darakta a sashen tsara kuɗi, ina bambancin ya fito. Ya ambaci wasu kalmomi biyu na Turanci waɗanda ma'anarsu ita ce ƙarfin layi da aka biya tun gaba. Cooper ta shekara da shekaru a kamfanin, ba ta taɓa jin wannan suna ba. Da aka nemi ya yi bayani, sai ya ce a tambayi David Myers, babban akantan kamfanin.

Da wannan suna Morse ya shiga farauta. Babbar matsalarsa ita ce sashen nasu ba shi da cikakken izinin shiga rumbun lissafin kamfanin. Ya sami hanya ta wata sabuwar manhaja da ake gwadawa, wadda ke ba shi damar bin kowace shigarwa daga inda ta taso zuwa inda ta sauka. Amma yawan bayanan da yake jawowa ya riƙa nauyaya wa na'urorin kamfanin har masu kula da su suka fara lura. Sai ya mayar da aikin dare, bayan kowa ya tashi. Ya kuma riƙa kwafe abin da ya samu a faya-fayan CD, don gudun kada wata rana a wayi gari an goge.

Abin da ya gano ya fi ba ni sha'awa fiye da komai a labarin, domin aiki ne na haƙuri zalla. A lissafin zamani kowace shigarwa ƙafa biyu gare ta: in kuɗi ya sauka a wani shafi, to daga wani shafi ya tashi. Mai son ɓoye abu zai iya canza masa suna, zai iya ratsa shi ta asusu uku ko huɗu na rassan kamfani, amma ba zai iya yanke ɗaya ƙafar ba, in ba haka ba littafin ba zai daidaita ba. Morse ya riƙa kama ƙafar da ke shafin kadarori yana bin ta da baya. Shigarwar suna da kamanni iri ɗaya. Manya ne ƙwarai, da yawansu cif-cif ba ɗigon canji. Ba daga ma'aikatan da ke sayen kaya suka fito ba, daga hedkwata aka shigar da su da hannu. Kuma ana yin su ne bayan an rufe lissafin kowane wata uku, a 'yan kwanakin da ke tsakanin rufewa da sanar wa masu hannun jari sakamako. Kamfani ba ya sayen na'urorin ɗaruruwan miliyoyi a ranar da aka riga aka rufe littafi. Kafin a yi nisa cikin watan Yuni, abin da suka tara na irin waɗannan shigarwa ya kai kusan dala biliyan 2.

Da aka koma wurin Abide, mutumin da shafin kadarori ke hannunsa, sai ya zama shi ma bai san ma'anar wancan suna ba. Umarni yake samu daga sama, ya rarraba kuɗin a shafukan na'urorin sadarwa, na'urorin aika saƙo, har da kujeru da teburan ofis. A nan biri ya fara kama da mutum. Abin da aka saya da gaske ba ya bukatar a zauna a yi shawarar wane shafi za a raba shi, domin shi da kansa yake faɗin ko mene ne shi.

Ranar 11 ga Yuni Sullivan ya kira Cooper ofishinsa. A lokacin ana kallonsa a matsayin ɗaya daga cikin haziƙan jami'an kuɗi na Amurka, kuma shi ne maigidanta a wurin aiki. Ta tafi tare da Smith, ta tambaye shi kai tsaye mene ne wannan ƙarfin layi da aka biya tun gaba. Ya amsa a natse, ya ce kuɗin layukan da kamfani ya tanada ne waɗanda ba a kai ga amfani da su sosai ba, ya kuma ce zai gyara lamarin a lissafi mai zuwa. Sannan ya roƙe ta ta ɗage binciken zuwa rubu'i na uku na shekara. Ta ƙi. Ta sanar da Max Bobbitt, shugaban kwamitin bincike, aka kuma jawo Farrell Malone na kamfanin KPMG, wanda bai daɗe da karɓar aikin oditan waje daga hannun Andersen ba.

Ranar 17 ga Yuni, Cooper da Smith suka bi ofis-ofis da tambaya guda: ina takardun? Suka fara da Betty Vinson, wata darakta a sashen lissafi wadda sunanta ya fito a kan shigarwa da yawa. Ta amsa cewa ita ta shigar da su, amma ba ta taɓa ganin takardar da ta goyi bayansu ba, adadi kawai ake ba ta. Suka wuce wurin Buford Yates, shugabanta, ya tura su gaba. Suka isa wurin Myers. Shi ne ya sauke kayan. Ya ce babu takardu, kuma babu wata ƙa'idar lissafi da ta halatta abin da aka yi. Ya ce zai iya komawa ya ƙirƙiro hujjoji, amma ba zai yi ba.

Yanzu an san kadarar babu ita. Saura a san daga ina kuɗin suka taso, kuma don me.

Ɗaya ƙafar kowace shigarwa tana komawa wuri guda: kuɗin hayar layi. WorldCom bai mallaki dukkan wayoyin da kiran abokan hulɗarsa ke bi ba. Yana biyan wasu kamfanonin tarho don su fara ɗaukar kira ko su kai shi ƙarshe, yana kuma hayar layuka daga wurinsu. Wannan shi ne kuɗi mafi girma da yake kashewa. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake yayata cewa zirga-zirgar intanet tana ninkawa duk kwana ɗari, kamfanin ya ƙulla yarjejeniyoyin haya na dogon zango, yana jiran cinikin da yake ganin yana tafe. Shugabansa Bernard Ebbers ya gina kamfanin ne ta hanyar haɗiye wasu, tun daga ƙaramin kamfanin da aka kafa a Misisipi a 1983 har zuwa sayen MCI a 1998. A shekarar 2000 hukumomi suka hana shi haɗewa da Sprint, kasuwar sadarwa kuma ta faɗi. Layukan haya suka zauna ba kowa a kansu, kuɗin haya kuwa bai daina zuwa ba.

Masu nazarin kasuwa suna sa ido a kan adadi ɗaya: cikin kowace dala ɗari da ta shigo, nawa hayar layi ta cinye. WorldCom ya saba nuna kusan kashi 42 cikin 100. Gaskiyar lamarin a 2001 ta haura 50. Da an bayyana haka, da hannun jarin ya rushe, kuma Ebbers da kansa ya ci bashi mai yawa da hannun jarinsa a matsayin jingina, har kamfanin ya ranta masa kusan dala miliyan 400. Da farko, a 1999 da 2000, an cike giɓin ne da kwashe ajiyoyin ko-ta-kwana, irin abin da Stupka ya kawo ƙara a kai daga baya. Da rijiyar ta ƙafe, daga rubu'in farko na 2001 sai aka koma wata dabara. A ƙarshen kowane wata uku a duba nawa ake bukata a cire daga hayar layi don adadin ya dawo 42, a ɗauki daidai wannan a kai shafin kadarori. Ma'ana ba daga kaya aka fara aka zo ga adadi ba, daga adadin da ake so aka fara aka ƙirƙiro kayan. Shi ya sa kuɗin suke cif-cif, shi ya sa suke zuwa bayan rufe littafi, shi ya sa ba su da rasit. Man inji ne aka rubuta da sunan inji.

Ranar 20 ga Yuni kwamitin bincike ya zauna a birnin Washington, aka ba Sullivan 'yan kwanaki ya kare kansa a rubuce. Hujjarsa ita ce layukan da ba a amfani da su an tanade su ne don cinikin gobe, saboda haka ya dace a jinkirta kuɗinsu har cinikin ya zo. Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta tsayawa. Layukan ba na WorldCom ba ne. Haya yake biya, kuma hayar watan da ya wuce ta wuce, ko an yi amfani da abin ko ba a yi ba. Wanda ya kama shago ya biya hayar shekara, bai buɗe ba ko rana ɗaya, ba zai ce yana da dukiyar da ta kai kuɗin hayar ba. KPMG bai karɓi hujjar ba, Andersen ma bai karɓa ba. Ranar 25 ga Yuni aka kori Sullivan, Myers ya ajiye aiki, kamfanin ya sanar cewa an karkatar da dala biliyan 3.055 a 2001 da miliyan 797 a rubu'in farko na 2002, jimilla sama da biliyan 3.8. Ribar kusan dala biliyan 1.4 da aka sanar ta 2001 asara ce a gaskiya.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta Andersen. Ta yaya ƙwararrun oditoci suka sa hannu a kan wannan lissafi ba su gani ba? Binciken da hukumar daraktocin kamfanin ta sa aka yi, wanda ya fito a 2003, ya nuna hanyar da suka bi. Maimakon su ɗauki manyan shigarwa ɗaya bayan ɗaya su nemi takardunsu, sun fi dogara da kwatanta alƙaluman bana da na bara, suna neman inda aka sami tsalle ko faɗuwa ta ba-zata. Inda suka ga komai daidai, sai su wuce. Jami'an kamfanin kuma sun taƙaita musu shiga babban littafin lissafi, suna ba su jadawalin da aka riga aka gyara, su kuma suka haƙura da hakan duk da sun sa WorldCom a sahun abokan hulɗa mafiya haɗari. Ga shi kuwa maƙasudin zambar tun asali shi ne a hana adadin motsi. Ma'aunin da aka ƙera don kama tsalle ba zai kama abin da aka daddale ba. A ganina nan ne babban kuskuren, kuma ba na rashin ilimi ba ne. Kasuwar sadarwa tana rugujewa, sauran kamfanoni suna kuka da tsadar layi, amma na WorldCom yana zaune a 42 wata uku bayan wata uku kamar an kafa shi da ƙusa. Wannan zaman lafiyar ita ce ya kamata ta tayar musu da hankali, su ce a kawo takardun kadarorin da aka ƙara a shekarar, su zaɓi mafi girma, su nemi a kai su su gani.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Washegarin sanarwar hukumar kasuwar hannayen jari ta shigar da ƙarar zamba. Hannun jarin da ya haura dala 60 a 1999 ya koma ƙasa da dala ɗaya. Kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 17,000, sannan ranar 21 ga Yuli ya nemi kariyar kotu a matsayin wanda ya karye, karyewa mafi girma a tarihin Amurka zuwa wannan lokaci. Ranar 30 ga Yuli aka sa hannu a kan dokar Sarbanes-Oxley, wadda ta wajabta wa shugabannin kamfanoni su tabbatar da sahihancin bayanan kuɗinsu da sa hannunsu, ta kuma kafa hukumar da ke sa ido a kan oditoci. Da aka ci gaba da tono, jimillar lissafin bogi ta kai kusan dala biliyan 11. A 2005 aka yanke wa Ebbers shekara 25, Sullivan shekara 5, Myers da Yates shekara ɗaya da kwana ɗaya kowannensu. Vinson, wadda tun farko ta nuna rashin jin daɗinta har ta yi niyyar barin aiki amma ta zauna ta ci gaba da shigarwa, ta sami wata biyar a kurkuku. Mujallar Time ta sa Cooper cikin gwarazanta uku na shekarar 2002.

Shafin kadarorin kansa sai a watan Maris na 2003 aka yi masa hisabi. Sababbin shugabannin kamfanin suka sake auna abin da ke ƙasa da gaske, suka kwatanta da abin da zai iya samarwa a kasuwar da ta faɗi. Gine-gine, na'urori, layuka da sauran kadarorin da littafi ya ce sun kai kusan dala biliyan 45, aka mayar da su kusan biliyan 10.